Shekarar Jegon Lami

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye shi. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa ba na shiri da ƙanwata Rabi, wadda kuke kira Inna Rabi. Wasunku sun ɗauka gado muka raba aka cuci wata, wasunku kuma sun ce halina ne kawai, ni mace ce mai ɗaure fuska wadda ba ta son shiga mutane. Ba ko ɗaya. Ni da Rabi ciki ɗaya muka fito, ni na goya ta, kuma ba ta taɓa cin haƙƙina ba. Abin da ya shiga tsakaninmu a jikina yake, kuma tunda yanzu ku ma kun zama iyaye, kun auro mata kun kuma aurar, ya kamata ku ji shi daga bakina.

Kafin a haifi autanku ni 'yar kasuwa ce, kuma ba ƙarama ba. Nakan sari atamfa da kayan roba a kasuwar Jibiya, in shiga mota a Magama in haye zuwa Maraɗi, in dawo da dabino da cuku da turaren wuta. Direbobin hanyar sun san ni, kwastan na wajenmu sun san ni, 'yan duwan na wajen Nijar ma, wato kwastan ɗinsu, in sun hango ni sukan ce ga Hajiyar roba nan, alhali a lokacin ko Kano ban taɓa zuwa ba balle Makka. Da mijin Rabi ya rasu ya bar ta da yara biyu, ni na ce ta share hawaye ta biyo ni. Ni na koya mata yadda ake ɗaure kaya, da inda ake zama a mota don kada a matse ka, da yadda ake magana da jandarma, jami'an tsaron Nijar, ba tsoro ba kuma raini. A farko ko gaisuwa ba ta iya yi musu sai ta ɓoye bayana. Ina son ku riƙe wannan, domin shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi mini ciwo.

Haihuwar autanku ta zo da wahala, yaro ne ƙato, kuma shi ne na bakwai. Na gama wanka, na huta, na koma hanya da goyona. Tun a gida na fara lura in na yi atishawa ko tari sai in ji ɗan danshi, na ce jego ne bai gama sakina ba. Wata rana da damina muna kan iyaka, ina fama da mura, aka ce kowa ya sauke kayansa a duba. Na sunkuya na ciccibi ƙullin atamfa, tari ya sarƙe ni a lokaci guda, sai kawai na ji fitsari ya kubce mini, ba ɗigo ba, har ƙafa. Zanen da ke jikina mai haske ne. Ga maza cike da wurin, ga 'yan acaɓa, ga masu tallar ruwa. Ban san lokacin da na fizgi butar wani dattijo da ke alwala a gefen rumfa na yi kamar na yi tuntuɓe, na kwara wa kaina ruwan ba. Mutane suka yi ta sannu, dattijon ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Rabi kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, tana cewa yau Yaya ta yi wankan boda. Ta ciro zane daga kayanta ta ba ni. Ba ta gane komai ba, kuma tun daga ranar na ƙudurta ba za ta gane ba.

Na ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, amma da dabaru. Ranar tafiya ba na shan ruwa tun safe, ko fura aka miƙo mini sai in ce ina azumin nafila. Nakan naɗe tsumma in sa, in ɗaura zane biyu masu duhu, in yi ta turare har mata suna tambayata wane iri ne. Hanyar kuwa ba ta da tausayi, kowane rami mota ta faɗa sai na ji shi a marata. In muka tsaya a Ɗan Isa babu wurin da mace za ta kewaya ta gyara jikinta cikin sutura. Nakan dawo gida da ciwon kai na ƙishi, cinyoyina sun saɓule, ina ɗaga hanci ina sansanar kaina ko wani ya ji abin da nake ji. Ranar da wata mata da muke zaune kujera ɗaya ta matsa gefe ta toshe hanci da mayafi, ban san ko ni ce ko buhun daddawar da ke bayanmu ba, amma ranar na yanke. Na ce wa mahaifinku bayana ke ciwo, na ce wa Rabi ta riƙa tafiya da kayana tare da nata. Asibiti ko a raina ban kawo ba. A garinmu in aka ce mace tana zuwa asibiti don fitsari, an gama da ita, mai yoyo za a riƙa ce mata a bayan ido, a daina cin abincin hannunta. Na ga yadda aka yi wa wasu. Na ɗauka wannan shi ne kuɗin haihuwa, kowa da yadda ake karɓar nata.

Daga nan Rabi ta buɗe. Yarinyar da ke ɓoyewa bayana ita ce direbobi suka koma ajiye wa gidan gaba. Masu sayen kayana na Maraɗi suka zama nata, ba don ta ƙwace ba, don ita suke gani. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi kyau, ta sayi fili a bayan tasha ta gina ɗakuna. In ta dawo daga tafiya takan biyo ta gidanmu ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce a ba ta ruwan randa, ta ɗaga kwano ta shanye tas tana ba ni labarin hanya. Wallahi ba ginin ne ya fi cin raina ba, ba kuma zinariyar da ta fara sawa a kunne ba. Wannan kwanon ruwan ne. Nakan zuba mata ido ina kallon maƙogwaronta yana motsi, ni kuwa leɓena a bushe, ina lissafin ko na kurɓa zan kai la'asar da tsarkina. In ta yi dariya takan yi ta da dukan jikinta, ta buga cinya, ta kwanta gefe. Ni dariya ta zama abin tsoro gare ni, domin ita ma tana sa ya zubo. Sai na koyi ɗaure fuska tun kafin a kai ƙarshen labari. Wannan ita ce fuskar da kuka taso kuka gani.

Salla ma ta zama mini aiki. Kowace salla sai na sake zane, wani lokaci ina cikin ruku'u in ji ya sauko, in sallame in sake alwala, in sake, har lokaci ya ƙure ina kuka. Na daina zuwa Islamiyyar matan aure, na daina zuwa Idi, biki da suna sai in aika da gudummawa ta hannun Rabi. Ita ke tsayawa a madadina, ita ake gode wa. Shekarar da ta tafi aikin Hajji duk unguwa aka raka ta tasha, ni na tsaya a zaure na ɗaga mata hannu. Da ta dawo da haƙorin Makka, sunan da 'yan duwan suke tsokanata da shi ya zama nata na gaske. Na yi mata barka, na sha zamzam ɗin da ta kawo mini kurɓi ɗaya, na shiga ɗaki na zauna ina jin wani abu yana cin ƙirjina. Na san ba ta yi mini komai ba. Sanin hakan bai rage komai ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar yayarku. Kun san ba na kiran sunanta na yanka tunda 'yar fari ce, Lami muke ce mata. Kunyar 'yar fari ta sa tun tana ƙarama ba na janta a jiki a gaban mutane, Rabi ce ke mata kitso, ita ke saya mata ɗan kunne. Wannan al'ada ce, ban taɓa damuwa ba, domin na san in dare ya yi ɗakina take kwana. Sai da ciwon nan ya zaunar da ni, ta zama budurwa a daidai lokacin da na zama mai faɗa da ƙyamar a matso kusa da ni, sannan na ga ta koma wajen Rabi gaba ɗaya. In za ta yi shawara can, in ta yi sabon ɗinki can za ta fara kaiwa a gani. Mijin da ta aura, Ila, direba ne a hanyar Maraɗi, a motarsa Rabi ta san shi, ita ta yaba da hankalinsa, ita ta kawo maganarsa wajen mahaifinku. Ita ta yi sayayyar kayan ɗaki, ita ta jagoranci kai amarya. Dangin miji a Maraɗi har suka daɗe suna zaton ita ce ta haife ta.

Da cikin Lami ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Na yi murna a ɓoye, na ce yanzu kam ɗakina za ta zauna, ni zan yi mata wanka, ni zan dama mata kunun kanwa. Ta sauka lafiya bayan naƙuda mai tsawo, aka samu mace. To wankan jego aiki ne na ɗaukar nauyi: a cika tukunya, a tafasa, a sauke, a kai bayan ɗaki, safe da yamma. Ranar farko da na ciccibi tukunyar, kafin in kai ƙofar makewayi na jiƙe. Na ajiye ta a tsakar gida na shige ɗaki. Da na fito na tarar Rabi ta ɗaura zane a ƙirji ta ɗauke ta kamar ba komai a ciki, tana cewa in huta da bayan nan nawa, ai ita ma uwa ce. Tun daga ranar ta dakatar da tafiyarta ta tare a gidanmu. Ni aka bar wa hura wuta. Ranar suna mijin Lami ya aiko da goro da sunan jaririya, aka ce Rabi'atu. Mata suka yi guɗa, aka rungume Rabi, tana hawaye tana cewa ba ta cancanta ba. Ni ina bakin murhu ina tura itace. Wata maƙwabciya ta ce mini hayaƙi ya sa idona ja, na ce ƙwarai kuwa.

Bayan suna da 'yan makonni na fara ganin abin da ba wanda zai gane shi a gidan sai ni. Lami ta fara ture kwanon kunu, mai jego da ya kamata ta sha har ta gaji. In atishawa ta zo mata sai ta haɗe ƙafafu ta dafe bango. Zannuwanta suka yi yawa a igiya, kuma ita ke wanke su da kanta ba ta bari a taɓa. In baƙi suka shigo barka takan zauna a gefen katifa, ba ta tashi sai kowa ya fita. Kowace alama na san ta kamar tafin hannuna. Na zauna ina jira ta zo ta gaya mini. Na ce a raina wannan kam nawa ne, duk duniya ba wanda ya fi ni sanin sa, a nan Rabi ba ta da abin cewa. Nakan shiga ɗakin in daɗe ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, ko za ta buɗe baki. Ba ta buɗe ba. Wata rana da hantsi ina bakin murhu na ga ta riƙo hannun Rabi ta ja ta ɗaki, aka saki labule. Na ji muryarta ƙasa ƙasa, na ji sheshsheƙa, na ji Rabi tana rarrashi. Itacen da ke hannuna sai da na karya shi ban sani ba.

Kwana biyu ba wanda ya ce mini komai. Rabi ta dafa bagaruwa tana sa Lami ta zauna a ciki, ta kawo wasu saiwoyi daga kasuwa. A rana ta uku bayan azahar ta same ni ina tankaɗe, ta ce gobe da safe za ta fita da Lami unguwa, in riƙe jaririyar. Na ce mai jego da ba ta yi arba'in ba, wace unguwa? Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce wata tsohuwa ce a wani ƙauye ta wajen Bugaje, an ce ta iya aikin mata, ta aika mata da bayani, tsohuwar ta ce gishiri ne ya tsiro wa yarinyar a gabanta, in aka ɗan yanka shi ke nan. Da na ji kalmar yanka sai rariyar ta faɗi daga hannuna. Na san mata biyu da aka yi wa yankan gishiri da aska, ɗaya ta kusa mutuwa da zubar jini, ɗayar kuwa daga ɗan ɗigo ta koma fitsari na bin ƙafarta dare da rana, mijinta ya sallame ta. Na ce ba inda za a kai ta. Rabi ta gyara tsayuwa, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

"Yaya, ki bar ni da wagga magana. Ke ba ki san abin da ke damun yarinyar ga ba. Ni ta gaya ma."

"Na riga ki sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Rabi, ranar da na kwara ma kaina ruwan buta a boda kina dariya, mi kika ɗauka ya faru?"

Ta tsaya tana kallona. Na ga tana komawa baya cikin ranta, tana haɗa ciwon bayan da ba ya warkewa da turaren da zannuwa masu duhu. Lami tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta ji komai. Ban taɓa kallon idonta kai tsaye na yi mata magana mai tsawo ba sai ranar. Na ce mata abin da ke damunta shi ke damuna tun haihuwar autanmu, na ɓoye shi ya cinye mini kasuwata da zumuncina da daɗin sallata, ba zan zauna in ga ya cinye nata ba, kuma ba zan bari a sa mata aska ba. Na ce gobe asibiti za mu. Ta ce ita kunya take ji, kada a gan ta. Na ce ni zan fara shiga.

Haka aka yi. Rabi ta biyo mu riƙe da jaririya. Ma'aikaciyar da muka samu a ɓangaren mata wata dattijuwa ce mai tabarau, ta tambaya wace ce marar lafiyar, na ce mu biyu ne. Ta duba ni, ta duba Lami, sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa sarai. Ta ce namu ba irin yoyon nan ba ne da doguwar naƙuda ko yanka ke huda mafitsara. Akwai naman da ke shimfiɗe a ƙasan mara, shi ke tallafe mafitsara da mahaifa, shi ke rufe hanyar fitsari. Ciki da haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi da tari mai daɗewa da yunƙurin bayan gida mai tauri su ke sa ya saki. Ta ce nama ne kamar na hannu, in ana motsa shi yana ƙarfi. Ta koya mana mu matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a cikin mutane, mu riƙe kaɗan muna numfashi, mu saki, mu maimaita, safe da rana da yamma, a kwance ko a zaune, amma ba lokacin da muke fitsari ba. Ta ce kafin tari ko ɗaukar abu mu fara matsewa. Ta yi mini faɗa sosai a kan ƙin shan ruwa, ta ce shi ke sa fitsarin ya yi kauri da wari ya ƙara tayar da mafitsara. Da Rabi ta ambaci maganar tsohuwar nan, matar ta cire tabaranta ta ce Allah ne ya tsare. Lami ta ce wata nawa zai ɗauka, matar ta ce ta ba shi watanni, nata sabo ne, ana sa ran zai koma. Ni kuwa ta ce nawa ya daɗe, mahaifa ma ta ɗan sauko, in fara wannan amma sai na je Katsina an ƙara dubawa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. A layin asibitin akwai matan unguwarmu, kuma an ga ɗakin da muka shiga. Kafin sati magana ta zaga, ta hau mota ta haye iyaka. Uwar mijin Lami ta aiko cewa an ɓoye musu ciwon gado, uwa mai yoyo 'ya mai yoyo, ɗanta ba zai zauna da wari ba. Wata maƙwabciya da muke musayar tuwo shekara da shekaru ta daina karɓar kwanona. Lami ta yi fushi da ni, ta ce da na bari an bi ta ƙauye a ɓoye da ba wanda ya ji, ta daina cin abinci in ni na miƙa mata. Wannan ya fi maganar mutane zafi. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ne bai ba ni mamaki da faɗa ba sai da shiru. Ya ce ya daɗe da sani, yana ganin shanyata, ya rasa ta inda zai fara ne kada in ji kunya. Shi ya raka ni Katsina. A can aka sa mini wani zoben roba da ke tallafe mahaifar daga ciki, aka ce in riƙa zuwa ana dubawa. Malamar Islamiyyarmu kuma da ta ji, da ƙafarta ta zo gida ta ce mini lalura ce, shari'a ta yi wa mai ita sauƙi, in yi tsarki in yi alwala in yi sallata, abin da ya fita bayan nan ba a kama ni da shi. Shekarun da na yi ina sake alwala ina kuka, ashe tambaya ɗaya ce ban yi ba.

To wa kuke zato ya je Maraɗi ya kashe wutar? Rabi. Ta shiga motar Ila, ta zauna da uwar mijin yini guda, ta san ta, ta san yadda ake bi da ita. Ila ma ya tsaya ya ce matarsa ce, haihuwar 'yarsa ce ta jawo, ba inda za ta. Aka zo aka ɗauki Lami da kayan arziki, dangi suka yi ta cewa Allah ya saka wa Hajiya Rabi, ta ceci auren yarinya. Ba wanda ya ce Allah ya saka wa wadda ta hana a sa aska. Na ji haushin wannan, kuma har yau in na tuna ina ji. Da Rabi ta dawo ta same ni a ɗaki ta zauna, ta ce shekarun nan duk ta ɗauka na tsane ta ne don ta samu, har takan cire 'yan kunnenta a zaure kafin ta shigo gidana.

"Ban tsane ki ba," na ce mata. "Lahiyarki nika kallo."

Ta ce da na gaya mata da ta ɗauke mini kayan, da mun ci gaba da tafiya tare. Na ce ai shi ya sa ban gaya mata ba. Ta yi kuka, ni ban yi ba. Ba mu sake tayar da maganar ba har yau, kuma ba zan ce muku mun koma kamar da ba. Tana nan da lafiyarta, ta fi sa'o'inta ƙarfi, har yanzu in na ga ta tashi daga tabarma ba dafa ƙasa sai na ji ɗan abu a raina. Na daina yaƙi da shi, na san ba ya hana ni son ta.

Lami ta warke sarai kafin ta yaye Rabi'atu. Ni ban warke duka ba, amma na samu abin da ban zata ba. In na matse kafin tari ba ya zuba, in zan yi tafiya ina sa audugar mata in tafi abina, ina shan ruwa in na ji ƙishi. Ku matan cikinku da matan 'ya'yana, ga abin da nake so ku ɗauka: in kun ga ɗigo bayan haihuwa kada ku ce haka Allah ya yi mata, kada ku bari a kusance ku da aska, kada ku jira shekara. Ku maza kuma in kun ga shanya ta yi yawa a igiya, ku buɗe baki ku tambaya da taushi, kada ku yi irin kawaicin ubanku.

Fushin Lami ya daɗe fiye da ciwonta. Sai da ta sake haihuwa, wannan karon a ɗakinta a Maraɗi, ta aiko Ila ya ce in zo suna, kuma ta ce kada in aiko kowa a madadina. Na shirya, Rabi ma ta shirya, muka tafi tare. Washegarin suna da hantsi, baƙi sun ragu, ina zaune a ɗakin da aka sauke ni, sai Lami ta shigo da wata mata maƙwabciyarta, mai kamar shekara arba'in, tana ta jan mayafi tana rufe fuska. Lami ta ce mata, a gabana, da bakinta:

"Ga innata, wadda ta haife ni. Ki gaya mata komi, ita ta san shi."

Ta fita ta bar mu. Matar ta fara magana da ƙyar, na ce ta bari in faɗa mata nawa tukuna. Kafin in gama sai ga wata ta yi sallama, sai ga wata da 'yarta mai goyo. Ashe Lami ta daɗe tana gaya musu akwai ranar da zan zo. Na koya musu abin da aka koya mini, na ce wadda nata ke zuba ba tsayawa dare da rana ko take jin abu na saukowa kada ta tsaya matse-matse, ta tafi likita. Ɗakin ya cika har wasu na tsaye. Rabi tana tsakar gida ita kaɗai a kan kujera, da haƙorin Makkanta da mayafinta mai tsada, ba wanda ya zo wajenta. Can ta gaji ta taso ta ɗaga labule, ta leƙo tana tambaya ko akwai abin da za ta yi. Na dube ta, na dubi matan da ke tsaye.

"Rabi, ƙaro muna tabarma," na ce.

Ta juya ta tafi ta ɗauko, ta shimfiɗa da hannunta, sannan ta samu gefe can bakin ƙofa ta zauna tana saurare.